Allah Ya Ƙara wa Bakinku Zuma

Masu cewa ƙasar nan ba ta iya ƙera komai ba su yi mata adalci ba. Gaskiya ne masaƙun Kaduna sun rufe, jirgin ƙasan da ke kwasar auduga daga Funtuwa kuma ya zama labarin da tsofaffi ke ba jikoki. Amma akwai masana'anta guda da ba ta taɓa tsayawa ba tun da aka sami mulkin kai, ba ta jiran wuta, ba ta neman kayan gyara daga waje. Ita ce masana'antar jawabi. Cikin dukan hajar da take fitarwa kuwa, babu wadda ta kai jawabin harshen ƙasa kyau da ƙarko. Yau fiye da shekara 60 ana zuba shi, bai koɗe ba, bai tsufa ba, ba a kuma taɓa kama shi da laifin haifar da komai ba. Ya dace mu mutanen Bakori, da maƙwabtanmu na Funtuwa da Malumfashi da Ɗanja, mu jingine fartanya, mu miƙe tsaye mu jinjina wa ma'abota wannan baiwa.

A fara daga tushe, don a san girman abin da ake yabo. A watan Nuwamba na 1961, wani ɗan Majalisar Wakilai daga Adamawa, Malam Yerima Balla, ya miƙe a Ikko ya kawo ƙudiri: a soma koyar da Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran harsuna a makarantun ƙasa, da niyyar a ɗauki ɗaya ya zama harshen hukuma cikin shekara 20. Nan fa fasihai suka zare. Hujjar masu goyon baya sananniya ce: ƙasar da ke magana da bakin aro ba ta gama 'yantuwa ba. Cif Anthony Enahoro, wanda ya kawo ƙudirin neman mulkin kai a 1953, ya tashi a madadin ƙananan ƙabilu, ya nuna ba za su lamunta manya su ɗora musu harshe da al'ada ba. Kowane ɓangare da hujjarsa mai nauyi, kowa kuma ya faɗe ta da Turancin da ko a Landan sai an tafa masa. Abin burgewa na farko ke nan: an yi muhawara mai zafi kan yadda za a rabu da harshen Ingila, kuma da harshen Ingila aka yi ta.

Shekara 20 ta cika a 1981. Aka sake wata 20, aka sake wata. Mai gajeren tunani zai ce an gaza, amma mu manoma bai kamata mu faɗi haka ba, don mun san darajar iri. Sai dai su masu jawabi sun fi mu tattali: kowace damina sukan fito da irin nan daga rumbu, su ɗaga shi sama, su yi masa kirari, jama'a su tafa, su mayar da shi su liƙe. Da sun shuka shi, da tuni an girbe an cinye, to da me za a tari zaɓe mai zuwa?

Gwanintar ta kai ƙololuwa a kundin tsarin mulki na 1979. Sashe na 51 ya ce Majalisar Tarayya za ta gudanar da aikinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi isasshen tanadi. Allah ya jiƙan wanda ya ƙirƙiro wannan sharaɗi in ya riga mu gidan gaskiya, in yana raye kuma Allah ya ƙara basira. Da shi aka ba Bahaushe da Bayarabe da Ibo abin da za su yi murna, aka kwantar wa ƙananan ƙabilu da hankali, ba tare da an ɗauki tafinta ko guda ba. Da aka zo rubuta kundin 1999, aka ga abin ya yi kyau ƙwarai, sai aka ɗauko shi ɗungurungum aka sa a sashe na 55. Har ƙamus na kalmomin majalisa aka wallafa cikin harsuna huɗu a 1991, don kada a ce ba a motsa ba. Tanadi dai yana nan tafe. Wanda ya ce mun ji gafara sa ba mu ga ƙaho ba, to ya sani sa mai daraja ba ya shigowa gari da gaggawa.

Kada kuma a ɗauka fasahar ta tsaya kan harsuna uku. A bikin FESTAC na 1977, Wole Soyinka ya ba da shawarar Afirka ta rungumi Suwahili, wanda yake da babbar fa'ida guda a Nijeriya: tun da ba harshen kowa ba ne a nan, ba wanda zai ji an fi shi. Wasu suka ce a haɗa “zo” na harsuna uku a sami Wazobia. Wani bawan Allah, Alex Igbineweka, ya zauna ya ƙera sabon harshe mai suna Guosa daga gutsattsarin harsunan ƙasa. Ana cikin haka, a 1996, Janar Sani Abacha ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, aka kuwa shigar da shi cikin manufofin ilimi na 1998. Wannan ya yi wa manomin Tsiga da na Kabomo daɗi ainun, don dā harshe ɗaya ne na hukuma da ba ya ji, sai ga shi an ƙara masa ya zama biyu. A 2007 kuma aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun kuɗi, aka rubuta adadinsu da Hausa da Yarabanci da Ibo cikin boko. Duk mai cewa harsunan gida ba su shiga hukuma ba, ya zaro naira 50 daga aljihu ya duba, in ya ga dama ya nemi abin da za ta saya masa.

A fagen ilimi ne dai aka fi nuna bajinta. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a farkon firamare. Magana ta yi daɗi, aka yi ta maimaita ta a taruka shekara da shekaru. A ƙarshen Nuwamba na 2022, ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya ba da sanarwar cewa gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida cur ta firamare da harshen uwa, tare da faɗin cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Aka tafa. A Nuwamba na 2025, ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya tsaya a wani taro da British Council ta shirya a Abuja, ya ce an soke wannan manufa, Turanci ne harshen koyarwa daga ƙasa har sama, yana danganta yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da koyarwa da harshen gida. Aka sake tafawa. Ku duba ikon Allah: yaron da ya shiga aji ɗaya bayan sanarwar farko bai ko gama firamare ba, amma manufar ta riga ta kayar da yayyensa a jarrabawar gama sakandare. Abin da ba a tanadar wa littattafai ba ya yi wannan ɓarna, ina ga an tanada? Lalle mun auna arziki.

Sai mu dawo gida, mu ga yadda baiwar take aiki kusa da ido. Lokacin neman ƙuri'a ya kama, an kafa rumfa, an ɗaura lasifika, makaɗa suna ta aikinsu, matasa sun cika gari da ƙarar babura. Ɗan takara ya fito cikin babbar riga da ta sha aiki, ya karɓi abin magana. Ranar nan ba ka jin ko ɗigon Turanci. Hausa ce tatacciya, da karin magana kan karin magana, da aya da hadisi, da ambaton iyaye da kakanni. Kowa a wurin babansa ne ko innarsa. Ya san farashin buhun kamfa da na yuriya, ya san inda hanya ta karye, ya san ƙauyen da mutane suka daina kwana a gida saboda 'yan bindiga. Tsoho yana sauraro yana gyaɗa kai, yana cewa wannan namu ne. Ranar da aka rantsar da shi kuwa, sai Allah ya buɗe masa wani harshe. Kasafin kuɗi da Turanci, takardar kwangila da Turanci, allon da aka kafa a bakin aikin da ba a gama ba da Turanci. Wannan ladabi ne da sanin ya kamata. Harshen uwa abu ne mai tsarki, da shi ake roƙo da gaisuwa da ta'aziyya. Bai dace a ɓata shi da lissafin miliyoyin da aka ware wa asibiti ba.

Leƙa shagon maganin feshi a farkon damina, ka ga wata ribar. Dattijo ya sayi robar maganin ciyawa don gonar masararsa, ya juya ta gaba da baya. Mutum ne da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashin da yake bi da ajami, ya kuma iya haɗa baƙaƙen boko in Hausa ce. Amma takardar da ke jikin robar, mai ɗauke da awo da gargaɗi da abin da za a yi in maganin ya shiga ido, da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe.

“Yaro, murfi nawa zan zuba a famfo?”

“Baba, ka zuba uku. In ciyawar ta yi ƙarfi ka ƙara ɗaya.”

“In ta taɓa masarar fa?”

“Allah zai kiyaye, Baba.”

Ka ji tawakkali. Da an rubuta bayanin da Hausa, da dattijon ya dogara da takarda, imaninsa ya yi rauni. Haka takardar bashin noma: a nuna masa inda zai dangwala, ya dangwala, sharuɗɗan kuma ya ji su da kaka, lokacin da aka zo karɓa. Wannan yana ƙara wa rayuwa armashi, don abin da ka sani tun farko ba ya ba ka mamaki.

A kotun majistare ma akwai abin sha'awa. Sau da yawa alƙali Bahaushe ne, mai gabatar da ƙara Bahaushe, wanda ake tuhuma Bahaushe, shaidu Hausawa, akuyar da ake rigima a kanta ma a gidan Bahaushe aka haife ta. Amma sai a karanta tuhuma da Turanci, a juya ta zuwa Hausa, mutum ya amsa da Hausa, a juya zuwa Turanci a rubuta. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta, to me kuma yake nema? In wata kalma ta faɗi a hanya tsakanin bakinsa da alƙalamin kotu, ai kaya ba sa tafiya mai nisa ba a yi asarar komai ba. Kotunan shari'ar Musulunci ne dai suka ƙi wayewa, har yau suna barin mutum ya ji abin da ake faɗa a kansa.

A aji kuwa, malami ya rubuta jimla da Turanci a allo, yara su rera ta da ƙarfi har a ji su a bakin titi, sannan ya sassauta murya ya bayyana musu ma'anarta da Hausa yana waiwaye. A wasu makarantun kuɗi, yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa sai monita ya rubuta sunansa. Ta haka ake samun ɗalibin da ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙar Hausa ba, bai kuma iya rubuta ta Turanci ba. An yi adalci, ba a fifita wani harshe a kan wani ba.

Don a ƙara gane fifikon masu baki, sai a kwatanta su da waɗanda Allah bai ba wannan hikima ba, suka ɓata ƙarfinsu wajen aiki. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, har talaka ya soma sanin abin da duniya ke ciki da harshensa. A shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, irin su Malam Ahmadu Kumasi na Katsina suka duƙufa, magidanta suka zauna gindin bishiya suna koyon baƙi da wasali, hukumar NORLA tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, ciki har da Himma ta Katsina. A wancan zamani Majalisar Jihar Arewa a Kaduna tana aiki da Turanci da Hausa, tsarin mulkinta ya amince da haka, kuma rufin zauren Lugard bai faɗo ba. Bayin Allah, ba su san ana jiran isasshen tanadi ba, sai suka tashi suka yi shi.

Haka Farfesa Babs Fafunwa, wanda daga 1970 ya ɗauki yara a Ile-Ife ya sa aka koyar da su shekara shida da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda, sakamako ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har sukan fi su. Wahalar banza, da jawabi ya yi, da awa ɗaya ta ishe shi. Julius Nyerere ya yi wa majalisar Tanganyika jawabi da Suwahili a 1962, amma ya kasa tsayawa nan, sai da aka mayar da firamare da ayyukan gwamnati kan harshen a 1967, shi da kansa kuma ya zauna ya fassara wasanni biyu na Shakespeare. Somaliya ta tsayar da tsarin rubuta harshenta a 1972, a 1974 ta rufe makarantu ta tura dubban ɗalibai ƙauyuka da rugage su koyar da karatu. Ko a nan gida, marigayi Mamman Shata ya zauna a Bakori kafin ya koma Funtuwa, ya yi fiye da rabin ƙarni yana kai Hausa inda ƙafar ɗan majalisa ba ta taɓa zuwa ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, amma bai taɓa kawo ƙudirin harshen ƙasa ko ɗaya ba. BBC kuwa tun 1957 take watsa labarai da Hausa, Jamus da Sin da Amurka suka biyo baya. Su ne ke da lokacin ɓatawa wajen yi wa manomi bayani. Namu shugabannin aiki ya yi musu yawa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun shigo fagen. A watan Maris na 2025, kundin da Janar Abdurahman Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Muna yi musu barka, muna kuma ba su shawarar manya da suka riga su shiga sana'ar: kada su yi gaggawar fassara dokoki, ko horar da malamai, ko zama da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari don jin abin da ke ransu. Su shirya taro, su ware rana, su yi jawabi. Mu nan haka muka yi, ga shi har yau ba abin da ya same mu.

Ba a rasa masu ƙorafi, irin mutanen nan da ba a iya musu. Suna cewa wai manomin Bakori bai damu da wane harshe za a naɗa sarkin harsunan Nijeriya ba, kuma tsoron da Enahoro ya bayyana gaskiya ne, don ba wanda ke son a shafe harshen uwarsa. Wai abin da ake buƙata ba ya jiran Abuja: sashe na 97 na tsarin mulki ya ba kowace majalisar jiha damar ƙara harshen jama'arta a kan Turanci da ƙudiri kawai, ga majalisar Legas can tana zaman ranar Alhamis da Yarabanci. Wai babu dokar da ta hana ƙaramar hukuma liƙa kasafin kuɗinta da Hausa, ko ta hana a wajabta wa masu sayar da maganin feshi fassara gargaɗinsu, ko ta hana a buga littafin lissafi na aji ɗaya da harshen da yaro ke kuka da shi. Har suna cewa wai yaro ya fi saurin koyon Turanci in ya fara iya karatu da harshensa. Waɗannan mutane ba su da tausayi. Ba su san littafi kuɗi ne ba, malami albashi ne, tafinta alawus ne, alhali jawabi kyauta ne, in ban da kuɗin lasifika da ruwan roba. Sun kuma manta da hatsarin da ke ciki: ranar da tsohuwar Kurami ta ji da kunnenta nawa aka ware wa rijiyar burtsatsen unguwarsu, wa zai iya zama lafiya?

Saboda haka muna roƙon Allah ya ƙara wa bakinku zuma, ranku ya daɗe. Kun shawo kanmu mun yarda cewa a yabi harshenmu ya fi a yi mana aiki da shi. Kun koya mana mu ƙoshi da romon baka har mu yi gyatsa. Kowace ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, za mu sa manyan kaya mu zo mu ji yawan miliyoyin da ke magana da harshenmu, mu koma gida mu nemi yaron maƙwabta ya karanta mana takardar asibiti.

Kai kuma mai karatu, in sun dawo neman ƙuri'a, kada ka hana su tafi, don sun iya. Amma in tafin ya lafa, ka ɗaga hannu ka roƙi abu ɗaya tak: kasafin kuɗin ƙaramar hukumarka, da Hausa, a liƙe a ƙofar sakatariya kafin ranar zaɓe. In aka amsa maka da wani jawabin, ka riƙe ƙuri'arka.